Rasuwar Anatole, Keke Mai Sirdi Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yanzu ban sami inda zan sauke shi ba, ni Huguette Lasfargues, a madadin kaina da maigidana Norbert, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da dukan abokan hanya rasuwar kekenmu mai sirdi biyu, wanda kowa ya sani da suna Anatole. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a gangaren da ke sauka zuwa kogin Célé, a gindin katangar dutse ta makiyayar tumakin nan da ke bayan babbar kwana. Ya bar duniya yana da shekara talatin da 'yan kai, yana ɗauke da mu biyu da kwandon cefane. Bai tsufa a rumfa tsatsa na cin sa ba, a bakin aikinsa ya cika.

Waɗanda suka san shi ba sa bukatar a gaya musu ko shi wane ne. Amma za a manna wannan sanarwa a ƙofar gidan burodi da allon ƙungiyar masu keke, kuma akwai baƙin da suka sayi gidaje a garinmu Montcayrac kwanan nan, waɗanda iyakar saninsu da shi, wani dogon keke ne kore da ke wucewa da tsoho a gaba, tsohuwa a baya, suna gardama. Saboda su zan faɗi tarihinsa.

An haifi marigayin a shagon tsoho Delpech, mahaifin Célestin mai gyara mana keke a yanzu, kuma idanuna ne sanadin zuwansa duniya. Kafin nan ina da kekena ni kaɗai, kuma ba yabon kai ba, a ƙungiyarmu babu namijin da ke riga ni kaiwa kan tudu. A nan na haɗu da Norbert. Yakan ce ya yi ta bina a baya ne don ya gano sirrin, bai ankara ba sai ya tsinci kansa a coci an ɗaura masa aure. Muna zaune lafiya, 'yarmu Clémence ta shiga makaranta, sai ganina ya fara janyewa daga gefe-gefe, kamar ana tura ƙyaure a hankali. Likitocin Toulouse suka yi iya yinsu. Wata damina ƙyauren ya rufe gaba ɗaya.

Na sa aka rataye kekena a can saman rumfa, na ja kujera kusa da murhu na zauna. Sanyi ya zo ya wuce ina wurin. Bazara ta shigo, ina jin 'yan ƙungiya suna wucewa ta ƙofar gida ranar Lahadi, sai in tashi in rufe taga. Wanda ya zo duba ni, in ya dawo karo na biyu, mai haƙuri ne ƙwarai.

Wata safiya Norbert ya kama hannuna ya fitar da ni tsakar gida, ya ɗora tafina a kan wani abu mai sanyi. Na shafa na ji sirdi. Na ƙara gaba, sai ga wani sirdin. Na gane abin da ya aikata, na kuwa wanke shi tas. Na ce masa makanta na yi, ban zama buhun dankali ba, da za a riƙa ɗora ni ana zagaya gari da ni mutane suna cewa Allah sarki.

Ya bari har na gama, sannan ya ce, “Wa ya ce ɗaukar ki za a yi? Ke kin san ni da tudu ba ma ga-maciji. Ido kawai zan kawo, ƙafa taki ce. In kin ƙi, sai mu ruɓe a gida tare.”

Na kira shi rago, na hau. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba iska ta bugi fuskata, na kwantar da goshina a bayansa na yi kukan da na ƙi yi tun ranar da muka baro asibiti. Shi kuwa ya ci gaba da taka feda. Mun sa wa keken sunan wani kawun Norbert, mutum dogo siriri, wanda ba ya gaggawa, ba ya kuma ƙin tafiya in dai akwai abinci a ƙarshenta.

Marigayi Anatole mai haƙuri ne, mai riƙon amana, mai rufin asiri. Babu rigimar gidanmu da ba a yi a kansa ba, amma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinsa ba. A kansa muka yi faɗa kan saurayin Clémence, a kansa muka shirya da yaron. A kansa aka yanke shawarar sayar da gonar inabin mahaifina, muka yi tafiyar wuni guda ba wanda ya ce wa wani uffan, ƙafafunmu kuwa suna juyawa tare don ba su da zaɓi. Wanda yake fushi a kan keke mai sirdi biyu ba shi da ƙofar da zai buga ya fita. Ni dai ina da makamina: in Norbert ya ɓata mini rai, nakan bari sai mun shiga tsakiyar hawa, in sassauta ƙafa. Sai in ji numfashinsa ya sauya, wuyansa ya fara zufa. Ba ya daɗewa yake gane cewa ni ce da gaskiya. Anatole ya sha ganin wannan zalunci, bai taɓa tona ni ba.

Yana da murya, kuma ni na fi kowa sanin ta. In ya sami gangare mai kyau muka daina taka feda, yakan yi wani dogon sirrrr, irin na wanda ya sauke kaya. In Norbert ya sauya masa giya a kan lokaci, ƙas ɗaya yake yi, kamar mai cewa madalla. In ya makara, sai ya yi gurnani, garrr, gar, har sai an ba shi haƙuri. Ƙararrawarsa ta tsage tun yana yaro, ba ta taɓa yin ƙilin irin na sauran kekuna ba, sai dai ƙwal, ƙwal, amma karnukan kwarin nan duka sun san ta, sun daina wahalar da kansu.

Da muryarsa nake sanin inda muke. Kwalta tana da nata amon, tsakuwa tana da nata. In na ji ya fara kar-kar-kar, kwanonin da ke cikin jaka suna amsawa, na san mun shiga tsohon gari, duwatsun daɓe ne a ƙarƙashinmu. In amon ya dawo mini ta hagu da dama, lungu ne mai dogayen gidaje. In ya buɗe ya watse, mun fito dandali, sai in fara neman ƙarar ruwan famfon tsakiyar gari da ƙamshin kofi. Kowace gada da irin gaisuwar da yake mata. Ta garin Cahors yakan shige ta da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai shiga coci.

Kowace bazara, da an gama yankan ciyawa, mukan ɗaura masa jakunkuna mu kulle gida. Ya kai mu bakin teku ta bin kogi, daga ƙauye zuwa ƙauye. Ya hau da mu tudun garin Conques a ranar da zafi ya narkar da kwalta, har wasu masu ziyarar ibada suka tsaya a gefen hanya suna mana tafi. Ya ratsa da mu gonakin alkama na arewa, inda iska ke tura mutum baya kamar ya ci mata bashi, muka kwana a rumbun wani manomi da ya rantse bai taɓa ganin makauniya mai zagin iska irina ba. Mun fi son ƙananan hanyoyi, waɗanda ke hawa su sauka, su sake hawa, ba don komai ba sai don a kan kowane tudu akwai ƙauye da hasumiyarsa da wata tsohuwa mai sayar da cukun awaki.

A duk wannan yawo Norbert ne mai ba da labarin abin da ke gefen hanya, kuma dole in faɗa, tunda sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce, yakan ƙara gishiri. Ya taɓa siffanta mini wata fada ta sarakunan dā, da hasumiyoyi da tutoci da agwagin ruwa farare, ni kuwa hancina yana gaya mini gidan aladu muke wucewa. Da na kama shi, sai ya ce ai aladun ma na babban gida ne. Amma in abin ya kai ya kawo, in rana ta faɗo a kan kwari yadda ta fi ƙarfin bakinsa, shiru yake yi, ya rage gudu. Da wannan shirun nake sanin mun zo wuri mai kyau.

Ba zan ce marigayin ba shi da aibi ba. Nauyi ne da shi kamar maraƙi. Ba ya shiri da jirgin ƙasa, babu tashar da bai haɗa mu faɗa da ma'aikata ba saboda tsawonsa. Tayarsa ta baya ce kullum ke faci, abin da ya ba Norbert damar yin wata magana da ba zan maimaita a nan ba. Duk mun yafe masa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a farkon bazarar bana. Na fara jin wani ɗan ƙis, ƙis, can ƙasa tsakanin fedata da ta Norbert. Wannan bai dame ni ba, tsufa ne, ni ma gwiwoyina suna irin wannan magana. Abin da ya dame ni wani abu ne da ba shi da sauti. Wata 'yar rawa ce ke tasowa daga gaba, ta bi ƙarfen jikinsa, ta iso tafin hannuna. A miƙaƙƙiyar hanya sai in ji kansa yana ɗan kaɗawa. A kwana, birki yana zuwa a makare.

Na ce wa Norbert Anatole yana rawar jiki. Ya ce shi ma ya lura, wataƙila boris ɗin wuya ne ya ci. Muka kai shi wurin Célestin, ya kwance wuyan ya sa sabo. Rawar ba ta tafi ba. Muka koma, ya ɗaure sifok ɗin tayoyi, ya sauya igiyar birki. Da muka je karo na uku, Célestin ya hau shi ya zagaya dandali shi kaɗai, ya dawo ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi dai bai ji komai ba, amma kunnen Madam ya fi nasa. Daga nan sai ya koma zancen ruwan sama.

Haka bawan Allahn nan Anatole ya ɗauki laifin da ba nasa ba har bazara ta ƙare. Ana zarginsa a gabansa, ana kwance shi ana ɗaurawa, bai taɓa musu ba.

Ranar Asabar mun je kasuwa da sassafe. Muka sayi burodi da cuku, da ɓauren ƙarshen kaka wanda Norbert ke so. Gari ya yi daɗi, ana jin ƙamshin hayaƙin itace daga gidaje. Muka kamo gangaren kogi, hanyar da muka bi sau ba adadi, Anatole ya saki dogon sirrrr ɗinsa. Na san inda kwanar take, jikina ya riga ya karkata yana jiran birki. Birki bai zo ba. Na ji Norbert ya kira sunana sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Sai tsakuwa, sai ciyawa, sai katanga.

Anatole ne ya fara isa gare ta, shi ya karɓi dukan. Sautinsa na ƙarshe ba mai ƙara ba ne. Ƙwas ya yi, kamar an karya busasshen reshe a gwiwa, sannan tayar baya ta ci gaba da juyawa a sama, tik, tik, tik, tana raguwa har ta tsaya.

Ni na faɗa cikin ciyawa, ban sami komai ba sai ƙujewa a kafaɗa da gwiwa. Na rarrafa ina lalube har na sami Norbert a zaune jingine da katanga, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Na kama hannunsa na dama. Yana ta karkarwa a cikin nawa kamar tsuntsun da aka kama, kuma na san ba tsoro ba ne. Tumaki sun matso suna kallonmu, ina jin numfashinsu ta saman katanga.

Ya ce, “Ba shi ba ne, Huguette. Hannuna ne. Na matsa, ya ƙi matsuwa. Tun cikin sanyi likita ya gaya mini sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya.”

Na ce, “Na sani, tsohon banza. Shekara nawa ina zaune a bayanka? Ko atishawa za ka yi, ni nake riga ka sani.”

Ya tambaye ni me ya sa ban yi magana ba. Na tambaye shi me ya sa shi bai yi ba. Amsar dai ɗaya ce, Anatole, kuma ga shi nan kwance a gabanmu, ƙashin bayansa a karye. Muka zauna a wurin har wani mai tarakta ya zo wucewa ya tsaya.

Célestin ne ya je ya ɗauko gawar. Ya zo gida da kansa, ya cire hula kafin ya shigo. Ya ce ƙarfen ya tsage a daidai inda mahaifinsa ya haɗa shi, wuyan kuma ya lanƙwashe. Ya ce in muna so zai iya yi masa walda ya miƙe, a gan shi kamar dā, amma ba zai yarda ya ɗora ran mutum biyu a kansa ba. Norbert ya ce a bar shi ya huta. Shi ya fara faɗa, na gode masa da bai bar mini wannan ba.

Clémence ta iso daga Toulouse a ranar. Ta yi mana faɗa irin wanda muka riƙa yi mata tana yarinya, ta ce mu biyun yara ne da furfura, saura kaɗan mu mayar da ita marainiya saboda taurin kai. Gaskiya ta faɗa. Daga baya na ji ta fita rumfa ita kaɗai, na ji ƙwal, ƙwal sau biyu, sannan ta daɗe ba ta dawo ba.

Ina kuma miƙa godiya ga Maryse ta ƙungiyarmu, wadda ta zo ta ce in ina so za a nemo wani mai sirdi biyu, ita ta riƙa tuƙa ni ranar Lahadi. Norbert ya dage sai na yarda. Ya ce ƙafafuna suna da sauran shekaru a cikinsu, bai kamata a binne su tare da hannunsa ba. Ban ce a'a ba, ban kuma ce to ba. Maryse mutuniyar kirki ce, ta fi shi ƙarfi, ta fi shi iya kwana. Sai dai ina tsoron in ta ga gidan aladu za ta ce mini gidan aladu ne. A ba ni lokaci.

Marigayin ya rasu ya bar sirdi biyu, na gaba ya lotsa ta hagu, na baya ya yi sulɓi kamar tafin hannu. Ya bar famfon iska guda, wanda ya fi kowa yi masa hidima, da jakunkuna huɗu masu ƙamshin cuku da ruwan sama, da kwando wanda ya tsira daga haɗarin da raunuka. Ya bar ɗan'uwansa, tsohon kekena, a saman rumfa, wanda ba su taɓa fita tare ba. Ya bar hanyar duwatsun gabas, wadda kowace shekara muke cewa sai baɗi. Ya bar wani tsoho da hannu a rataye, wanda ke tashi da safe ya leƙa taga ya ce yau iska daga kudu take, sannan ya tuna. Ya bar makauniya guda, wadda sai a makon nan ta san girman ɗakinta.

Allah ya jiƙansa, ya saka masa da alheri. Ya sa inda ya je gangare ne mai laushi, babu tsakuwa, babu katanga.

Za a yi jana'izarsa ranar Lahadi mai zuwa bayan an taso daga coci. Za a ɗauke shi daga gidanmu a kan amalanken Célestin, a bi da shi ta dandali, a kai shi shagon da aka haife shi, inda za a rataye shi a bangon ciki, sama da teburin aiki. Ana roƙon 'yan ƙungiya su zo da kekunansu, amma a sauka a tura su a ƙasa, don mu masu makoki ba ma sauri yanzu. Fadan cocinmu ya ce ba shi da addu'ar da aka tanada domin keke, amma zai zo a matsayin maƙwabci. Ba a bukatar furanni.

Daga nan za a dawo gida zaman makoki a tsakar gida, in ruwa ya sauko a koma rumfa. Akwai miyar tafarnuwa da naman agwagwa. Mai zuwa gaisuwa ya zo da labarin inda ya taɓa haɗuwa da marigayin a hanya, za mu so mu ji. Kada wanda ya ce mana ai ƙarfe ne kawai, mun san da abin da aka yi shi. Kada kuma a tambayi Norbert ya jiki, ya gaji da amsawa.

Shi zai zagaya ya zuba wa kowa ruwan inabi, kamar yadda ya saba a gidansa. Zai daɗe kafin ya kai ƙarshen tebur, kuma wani zai zube a kan shimfiɗa, wani a kan hannun riga. Ina roƙon alfarma, kowa ya miƙa kofinsa ya jira. Kada wanda ya karɓi kwalbar daga hannunsa.